Na'urar jijjiga da hannun da ya shanye: yadda muke yi daga ranar farko zuwa sati na huɗu

Yawancin waɗanda ake kawo mana nan Maradi bayan shanyewar ɓarin jiki, ƙafarsu ta riga ta fara dawowa. Mutum yana takawa, ko da sanda ne, ko da jan ƙafa. Hannu ne ke maƙalewa, kuma kusan kullum siffarsa guda: damtse ya manne da haƙarƙari, gwiwar hannu ta lanƙwashe, tafi ya kife, wuyan hannu ya karyo ciki, yatsu sun dunƙule bisa babban yatsa. Mai jinya zai ce maka kullum da safe sai ya yi kokawa kafin ya buɗe tafin ya wanke. Wannan ƙagewar ce mu da ake ce wa kine, wato ma'aikatan gashi da motsa jiki na asibiti, muke sa wa na'urar jijjiga. Tun kafin a zauna muke gaya wa dangi gaskiya, cewa na'urar ba ta tayar da hannu. Sassauta tsoka take yi na ɗan lokaci, wajen rabin awa, wani ya ɗara wani bai kai ba. Aikin da aka sa hannun ya yi cikin wannan rabin awar shi ne maganin.

Ranar farko sau da yawa ba ma kunna na'urar ma. Tansiyo, wato awon hawan jini, muke fara aunawa, a lafiyayyen hannu. In ta kai 18 bisa 11, wato 180 bisa 110, babu aiki ranar, sai a koma wajen likita. Mun sha ganin wanda ya ajiye maganin hawan jini don ya ji sauƙi, shi kuwa wannan ba hannunsa ne abin gaggawa ba, shanyewa ta biyu ce ke bakin ƙofa.

Daga nan sai a cire riga a dubi fata tun daga kafaɗa har yatsu. Kafin a iso gare mu galibi an bi ta wasu hanyoyi: akwai sawun tsaga, akwai na ƙaho, akwai ƙunar gashi da ruwan zafi wadda mai hannun bai ma ji lokacin da ta same shi ba. Inda fata ba ta rufe ba, na'ura ba ta zuwa wurin. Sai mu ce ya rufe ido, mu taɓa shi da auduga nan da can, mu kama yatsa guda mu ɗaga ko mu sauke mu tambaye shi, "Alhaji, sama na yi ko ƙasa?" Wanda ba ya ji sosai ba zai iya cewa kan na'ura ya yi zafi ba, don haka idonmu ne zai tsaya masa. Kafaɗa kuma mukan lalubi bakin ƙashin da ke samanta. In yatsa guda ya shige tsakaninsa da kan ƙashin damtse, kafaɗar ta zazzago, kuma daga ranar ba mai ɗaga wannan hannu sama da kafaɗa, ba mai jan sa. Hannun da ya kumbura ya yi zafi yana sheƙi, ko ƙafar da ta kumbura ita kaɗai tana ciwo, likita ne zai fara gani, don gudan jini a jijiya ba abin jijjigawa ba ne. Haka mai sabuwar karaya, da mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, da mai ciki, da mai farfaɗiyar da ba ta kwanta ba: sai da izinin likitansu. Wuya kuwa, inda manyan jijiyoyin jini ke hawa zuwa kai, ba a kai na'ura can ko ga wa.

Gwajin da ya fi kowanne muhimmanci ba ya cin minti guda. Ka miƙe gwiwar hannun a hankali ƙwarai, ka ga inda ta tsaya. Ka mayar, ka sake miƙewa da sauri. In a hankali tana tafiya har ƙarshe amma da sauri sai ta cije a tsakiya, wannan ƙagewa ce da ke zuwa daga jijiya, ita ce na'ura ke taɓawa. In kuwa sauri da sannu duk wuri guda take tsayawa ƙiƙam kamar ta ci karo da bango, tsokar ce ta gajarce, gaɓar ta daskare, kuma ko kwana aka yi ana jijjigawa ba za ta ƙara tsawo ba. Mafi yawan mutane suna da duka biyun, a cakuɗe. Mukan rubuta ƙarfin ƙagewar da ma'aunin Ashworth, mai hawa 0, 1, 1+, 2, 3, 4, gwiwar hannu daban, wuyan hannu daban, yatsu daban. Mu ɗauki hoton hannun a kan tebur da waya. Wanda ke iya kama abu kuma mu ƙirga masa guda nawa zai kwashe daga wannan kwano zuwa wancan cikin sakan 60. Asalin gwajin da ƴan gutattakin katako ake yi masu faɗin santimita 2.5, amma murafan kwalba ma sun isa, muddin su ɗin dai za a sake amfani da su bayan sati huɗu.

Me ya sa jijjiga ke sassauta tsoka? Cikin kowace tsoka akwai wasu ƴan zaruruwa ƙanana da aikinsu jin miƙewa ne. Da an ja tsoka sai su aika saƙo zuwa laka, laka ta ce mata ta tsuke. A lafiyayyen mutum ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da linzamin wannan amsa. Bayan shanyewa linzamin ya saki, shi ya sa ɗan motsi kaɗan sai hannu ya dunƙule. Waɗannan zaruruwan ba abin da ke tayar da su kamar jijjiga mai sauri marar zurfi. A 1966 wasu masana biyu a Suwidin, Hagbarth da Eklund, suka bayyana cewa tsokar da aka ɗora wa jijjiga tana tsukewa da kanta sannu a hankali, kishiyarta kuma tana saki. A 1972 wasu a Ingila suka nuna cewa in an jijjiga jijiyar ƙwanji mutum yana rufe da ido, sai ya ji kamar gwiwar hannunsa tana miƙewa alhali ba ta motsa ba. Wannan ruɗin yana da amfani gare mu. Mukan fara gwada na'urar a lafiyayyen hannu, ido a rufe, mu tambaya, "Hajiya, mi kika ji?" In ta ce hannun kamar yana tafiya, to na'urar tana kan saurin da ake so, mu ma mun dafa wurin da ya dace, ita kuma tsoronta ya tafi. Da yawa suna zuwa da zaton wutar kuran za a sa musu.

Na'urar da kanta, nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Abin da ake nema jijjiga 80 zuwa 100 ce cikin sakan guda, wadda ake rubutawa 80 Hz ko 100 Hz a jikin kwali. In da minti aka rubuta, 4800 zuwa 6000 ke nan. Zurfin motsin kuma kada ya wuce milimita guda, abin da za ka ji yana zuuu a yatsa amma da ƙyar ido ke ganin motsinsa. Bindigar tausa da ta cika kasuwa yanzu, irin wadda ƴan ƙwallo ke sawa a cinya, ba ita ba ce ko kusa. Ita bugu take yi, wajen 2000 zuwa 3000 a minti, kanta yana shiga yana fita kamar santimita guda. A ƙagaggen hannu kowane bugu fizga ce, tsokar kuwa fizga take amsawa da tsukewa, sai a tashi hannu ya fi da dunƙulewa, ga tabon taruwar jini in mutum yana shan maganin tsinka jini. Kan na'urar da muke so zagayayye ne mai ɗan tauri, faɗinsa kamar ƙwandalar dala 20 ta kuɗin sefa. In kwali bai faɗi sauri ba, akwai manhajojin waya masu auna kaifin sauti; ka kunna na'urar kusa da wayar ka ga lambar da ta fi tashi. Ka sake aunawa kana danne ta a tsoka, don ƙaramar na'ura da an danna sai injinta ya ja baya. Mai batir kuma tana rage sauri in caji ya yi ƙasa tun ba ta mutu ba, shi ya sa muke cika ta tun da dare.

Ranar aiki, zama ne farko. Kujera mai majingini, ƙafafu biyu a ƙasa daram, tebur daidai tsayin gwiwar hannu, matashi ƙarƙashin hannun. A tabarma ba ya yiwuwa da kyau, don mutum yana fama da riƙe zamansa ne, kuma duk ƙoƙarin da jiki ya yi sai ya fito a shanyayyen hannu. Fata a bushe. Man kaɗanya yana da ranarsa, amma bayan an gama, don in an shafa kafin, kan na'ura zamewa yake yi ya bar tsokar.

Daga sama muke farawa. In damtse ya manne da jiki, tsokar ƙirji ce ke jan sa, wadda za ka kama a gaban hammata. Mukan buɗe damtsen kaɗan zuwa gefe a kan matashi mu ɗora na'ura minti 5. Sai ƙwanji, inda ya fi tudu a tsakiyar damtse. Hannuna ɗaya yana riƙe da wuyan hannunsa, na miƙe gwiwar zuwa daidai inda ta fara gardama, na tsaya nan. Ɗaya hannun yana riƙe da na'ura, dannawa kaɗan, iyakar yadda fata za ta ɗan lotsa. Wuri guda take zama, ba a yawo da ita kamar mai guga.

Minti na farko shi ne inda sabon mai koyo ke tsorata. Tsokar takan ƙara tauri ƙarƙashin na'ura, gwiwar ta fara jan hannunka, wani lokaci yatsu su ƙara matsewa. Mai jinya ya zaro ido ya ce ai ƙaruwa yake yi. Wannan ita ce tsukewar nan da aka bayyana tun 1966, kuma wanda ya ɗage a nan ya bar hannu a mafi munin halinsa. Ka riƙe, kada ka ja, kada ka saki. "Baba, saki kafaɗa, yi numfashi, kar ka taimake ni." Can wajen minti na biyu ko na uku za ka ji abin ya narke a hannunka, nauyin hannun ya sauko maka. Sai ka ƙara miƙewa kaɗan, faɗin yatsa biyu, ka sake tsayawa. Haka har minti 5 su cika. Da salo mai kama da wannan wasu likitoci a Kagoshima ta Japan suka yi gwaji a 2012, da jijjiga 91 a sakan, minti 5, suka ga sassaucin yana nan bayan rabin awa.

Sai tsokokin da ke dunƙule yatsu. Mutane suna zaton a tafi suke, alhali naman nasu yana sangalin hannu, ta ɓangaren ciki, faɗin yatsu uku zuwa huɗu ƙasa da lanƙwasar gwiwa. Kafin a ɗora na'ura mukan zaro babban yatsa daga cikin tafi tukuna, ta gindinsa ba ta kansa ba. Da ya fito sauran yatsun sun fi yarda su buɗe. Ana riƙe su a buɗe gwargwadon yadda suka yarda, minti 5 nan ma. A kiyayi ƙashin nan mai tsini na cikin gwiwar hannu, don bayansa jijiya take wucewa. In ya ce yana jin tsirr har ƙaramin yatsa, ka hau jijiyar, ka matsa. Ƙashi gaba ɗaya ba wurin na'ura ba ne, yana kwasar jijjigar ya watsa ta ko'ina, har tsokar da ba ka nufa ba.

Daga nan mu juya bayan hannu, inda tsokoki masu miƙewa suke, waɗanda suka yi rauni: bayan damtse, da tudun da ke faɗin yatsu uku ƙasa da gwiwa ta waje. Nan manufa ta sauya, tayar da su muke so. Minti 2 zuwa 3 kowanne, kuma mai hannu ba ya zama kawai, yana kallon hannunsa yana ƙoƙari: buɗe, riƙe har a ƙirga biyar, saki. Ko motsin bai wuce rawar yatsa guda ba, shi muke nema.

Duka wannan bai wuce minti 20 zuwa 25 ba. Da an kashe na'ura ba hira, ba zuwa kama ruwa, ba amsa waya, tun kafin a fara ake gama waɗannan. Nan take ake shiga aiki. Wanda yatsunsa ba su fara motsi ba, ya dafa buɗaɗɗen tafi a kan tebur ya ɗora nauyinsa kaɗan, sannan ya goge tebur da tsumma gaba da baya, lafiyayyen hannu yana bisa shanyayyen. Wanda ya fara kamawa, a ba shi abin da ya saba da shi: moɗa marar ruwa, buta, kofin shayi, murfin kwano, tasbaha mai manyan ƴaƴa. Ya miƙa, ya buɗe, ya kama, ya kai, ya saki. Sakin nan shi ne wuya, shi kuma muke ƙirgawa. Don haka ne muke karɓe ƙwallon roba da ake saya wa majinyata su riƙa matsawa. Hannun da ya riga ya ƙware wajen dunƙulewa me za a ƙara koya masa da ƙwallo?

Yawan maimaici ne ke gina sabuwar hanya a ƙwaƙwalwa, kuma a nan kowa yana gazawa, har mu. Wani bincike da aka yi a Amurka ta Arewa a 2009 ya ƙirga motsin aikin hannu da majinyata ke yi a zama guda na motsa jiki, aka sami wajen 32 kacal. Aikin da ya biyo baya ya nuna mutum yana iya kai 300 cikin awa guda in an tsara masa. Mu mukan fara da 50 zuwa 60, a kasa uku da hutu tsakani, muna hawa zuwa 150 ko fiye. Mai jinya ne ke ƙirgawa da tsakuwa ko ƙwayar wake. Ana kuma sa ido kan wayo irin na jiki: maimakon gwiwa ta miƙe sai mutum ya sunkuyo da ƙirji gaba ɗaya ya kai hannun. In ya yawaita mukan zagaya zane a ƙirjinsa mu ɗaure da bayan kujera sako-sako. In ya fara ɗauke numfashi yana cije baki, aikin ya fi ƙarfinsa, a rage nisa ko nauyi.

Wata rana za a yi komai daidai hannu ya ƙi saki. Kafin a zargi na'ura a tambaya: ya yi bayan gida kwanan nan? Fitsari yana masa zafi? Akwai gyambo a ɗuwawu ko farce da ya shige nama? Ya yi barci? Duk abin da ke damun jiki yana ƙara ƙagewa. Sanyin hunturu ma haka, a Disamba da Janairu mukan bar aikin sai hantsi, a lulluɓe hannun kafin a fara. A watan Afrilu kuwa matsalar zafi ce, kan na'ura yana ɗumama, sai a riƙa taɓa shi a bayan hannunka tsakanin tsoka da tsoka. Ja da ɗan ƙaiƙayi a inda aka ɗora ba komai ba ne, suna wucewa ba da jimawa ba. Borin fata, ko ciwon da ya kwana, ko jiri, waɗannan a dakata a duba. Barnar da ta fi yawa kuwa ba a ɗakin aiki take faruwa ba, a hanya ce, wajen ɗora mutum bisa kabu-kabu ko fito da shi daga adaidaita ana jan shanyayyen hannu. A kama shi ta ƙugu ko ta lafiyayyen ɓari, hannun kuma a rataye shi da majanyi iyakar tafiyar, a kwance da an iso.

Hannun da ya saki laƙwas, babu ƙagewa ko kaɗan, kamar yadda ake gani a satuttukan farko, ba ma ɓata lokaci kan ƙwanji. Bayan hannu kawai muke taɓawa, gajere, tare da ƙoƙarin motsi, sauran kuma kare kafaɗa ne da jujjuya gaɓoɓi a hankali sau biyu a rana.

Mazauna cikin gari, na Zariya ko Bagalam ko Ali Ɗan Sofo, mukan tsara musu zama 3 zuwa 5 a sati har sati huɗu. Wanda ya taso daga Dakoro ko Mayahi ko Tasawa ba zai iya wannan zirga-zirgar ba. Shi mukan bi tsarin da wasu masana a Roma ta Italiya suka gwada a 2011: kwana uku a jere, kowace rana minti 10 sau uku, da jijjiga 100 a sakan, mutum yana ɗan tsuke tsokar kaɗan lokacin da ake yi. Cikin kwana ukun nan muke koya wa mai jinya guda, wanda zai dawwama, ba wanda ya rako kawai ba. Ya yi a gabanmu mu gyara masa. Wuraren ɗora na'ura mu yi musu alama da biro, a ɗauki hoto. Mata sukan ɗiga lalle a wurin, ya fi biro daɗewa. Wanda ba shi da na'ura bai yi asarar komai mai girma ba, miƙewa a hankali na minti biyar da dafa tafi suna ba da nasu sassaucin, aikin da ke biye kuma guda ne.

Gwaje-gwajen da aka yi kan wannan hanya ƙanana ne, mutum talatin zuwa hamsin kowanne, kuma abin da suka fi nunawa raguwar ƙagewa ce. Dawowar aikin yatsu ya fi dogara ga girman ɓarnar da aka yi a ƙwaƙwalwa da kuma lokaci: wata uku na farko ne jiki ya fi saurin gyaruwa, yana ja baya zuwa wata shida, bayan nan ana samu amma da gumi. Wanda ya iya ɗan miƙe yatsa da ɗan buɗe kafaɗa tun kwanakin farko, shi ne ake kyautata wa zato.

Ranar cikar sati huɗu mukan sake awon farko, kafin a kunna na'ura, a daidai lokacin da aka yi na farko, da murafan kwalba iri guda. In Ashworth ya sauko hawa guda, ko murafai sun tashi daga 4 zuwa 9, ko matarsa ta ce yanzu hannun riga yana shiga ba faɗa, sai a ƙara sati huɗu ana rage na'ura ana ƙara aiki. In babu abin da ya motsa ko ɗaya, mukan ajiye na'urar mu mayar da shi wajen likita a duba batun ƙwayoyin sassauta tsoka, da sanin cewa suna kawo barci da kasala, ko allurar botulinum, wadda ake yi a cikin tsokar don ta saki, ga wanda zai iya kai kansa inda ake yin ta. Hannun da ya riga ya daskare kuma kulawarsa daban ce: a buɗe tafin kullum a wanke a tsane tsakanin yatsu, a yanke farce ƙasa-ƙasa don kada su huda nama, a sa madogarar roba mai tauri da aka auna da hannunsa, ba tsumman da aka naɗe ba, a cire ta bayan awa biyu a kwanakin farko a dubi ko ta bar ja a fata.